Kifin salmon na kogin Allier: ƙananan da ke tafiya teku da waɗanda ke zama gida su haihu

Duk ɗan Nijar da ya zauna a Paris ko Lyon ya san kifin nan mai jan tsoka da ake jerawa cikin kankara a manyan shaguna, wanda Faransawa ke kira saumon. Kusan dukkansa na kiwo ne, kuma mafi yawa daga Norway ake kawo shi, ƙasar da ke samar da fiye da rabin salmon na kiwo a duniya. Amma Faransa na da nata salmon ɗin da ba na kiwo ba, wanda ke haihuwa a kogin Allier, kuma tun shekarar 1994 doka ta hana kama shi a kogin Loire da rassansa saboda ya kusa ƙarewa. A garin Vichy, inda ake ƙirga masu dawowa daga teku da na'urar ɗaukar hoto, abin da ake gani a shekara bai wuce ɗaruruwa ba.

Manyan kifayen ne ake ɗauka hoto, su ne kuma ake ƙirgawa. Sai dai masu bincike sun daɗe da gano cewa makomar wannan kifi tana hannun ƙananansa, waɗanda tsawonsu bai kai tafin hannu ba.

Rayuwa ta fara a ƙarƙashin tsakuwa

Kogin Allier na da tsawon kilomita kusan 420. Yana fitowa daga tsaunukan tsakiyar Faransa, ya haɗu da Loire kusa da garin Nevers, shi kuma Loire ya zuba cikin tekun Atlantika bayan ya ratsa birnin Nantes. Daga bakin teku zuwa inda salmon ke zuba ƙwai a saman Allier, tafiya ce ta kusan kilomita 900, kwatankwacin nisan Yamai zuwa Damagaram. Babu wani salmon a yammacin Turai da ke yin doguwar tafiya cikin kogi kamar wannan.

A watannin Nuwamba da Disamba, lokacin da ruwa ya yi sanyi ƙwarai, macen kan zaɓi wuri mai tsakuwa inda ruwa ke gudu. Takan kwanta a gefenta ta riƙa bugun ƙasa da jela har ta haƙa rami, ta zuba ƙwai, namiji ya saki maniyyinsa a kai, sannan ta rufe da tsakuwa. Kowane kilo ɗaya na nauyin jikinta na ba da ƙwai sama da dubu.

Ƙwan na kwana cikin tsakuwa tsawon hunturu. Idan suka ƙyanƙyashe, ƴaƴan ba sa fitowa nan take: kowanne na ɗauke da ƴar jakar gwaiduwa a cikinsa, da ita yake rayuwa na wasu makonni. Sai ta ƙare yake fitowa neman abinci, kuma a nan ne mafi yawansu ke mutuwa. Wanda ya tsira sai ya kama wani ɗan wuri a bayan dutse, ya fuskanci inda ruwa ke zuwa yana jiran ƙwari, ya kori duk ɗan uwansa da ya matso. A wannan mataki jikinsa na da baƙaƙen tabo a jere kamar shatin yatsu, Faransawa na kiransa tacon. A kogunan Faransa yakan yi shekara ɗaya ko biyu a haka, amma a arewacin Norway, inda sanyi ke rage saurin girma, yana iya kaiwa shekara biyar.

Lokacin tashi

Idan ya kai tsawon santimita 12 zuwa 20, tsakanin Maris da Mayu, sai jikinsa ya sauya. Tabon ya ɓace, ya koma fari fat kamar azurfa. Gaɓoɓin da yake numfashi da su a gefen kai da kuma ƙodarsa su fara shirin zama cikin ruwan gishiri. Faɗan da yake yi da ƴan uwansa ya ƙare, su haɗu garke guda su bi ruwa zuwa ƙasa, galibi cikin dare a farkon lokacin tafiyar.

A wannan tafiya ne kifin ke haddace ƙanshin ruwan da aka haife shi. Wani masani Ba'amurke na jami'ar Wisconsin, Arthur Hasler, shi ne ya fara nuna haka a shekarun 1950, daga baya kuma gwaje-gwaje suka tabbatar cewa da hanci salmon ke gane koginsa idan ya dawo.

Matsalar ita ce shirin da jikin ya yi ba ya daɗewa, ƴan makonni ne kawai. Idan wani abu ya tsare kifin a hanya har ruwa ya ɗumama, sai ya isa bakin teku a makare, ƙarfin jure gishirin ya ragu. Ga kuma tsuntsaye masu cin kifi da wata ƙatuwar tarwaɗa da ta yaɗu a Loire. Waɗanda suka tsallake su ne ke nausawa arewacin Atlantika, har zuwa tsibiran Faroe da gaɓar Greenland. Salmon na Allier kan yi shekara biyu ko uku a can kafin ya juyo, kuma daga ranar da ya shigo kogi ba ya ƙara cin abinci, ko da tafiyar za ta ɗauke shi watanni da yawa.

Waɗanda ba su je ko'ina ba

Ba duka ƙananan ke bin wannan tsari ba. Wasu daga cikin mazan kan balaga tun suna cikin kogi, suna da tsawon santimita 10 zuwa 15, ba su taɓa ganin teku ba. Idan lokacin haihuwa ya zo sai su bar wuraren da suke tsare da su, su nufi inda manyan mata ke haƙa rami, su laɓe a tsakanin duwatsu.

Babban namijin da ya dawo daga teku na iya ninka irin wannan ƙaramin sau ɗari a nauyi, ga haɓarsa ta ƙasa ta lanƙwashe kamar ƙugiya, da ita yake kai wa abokan hamayya hari. Ƙaramin ba ya tunkararsa. Jira yake har daidai lokacin da macen ta saki ƙwai, sai ya kutsa ƙarƙashinta cikin ƙiftawar ido ya saki nasa maniyyin. Binciken ƙwayoyin gado a kogunan Turai da Kanada ya nuna cewa waɗannan ƙananan maza su ne iyayen wani kaso mai tsoka na ƴaƴan da ake ƙyanƙyashewa, kuma rami ɗaya kan ƙunshi ƴaƴan uba da yawa.

Abin ba a banza yake zuwa musu ba. Suna ramewa, wasu na samun rauni daga manyan, da yawa ba sa kai ƙarshen hunturu. Wanda ya rayu yana iya tafiya teku daga baya. Mata kuwa da wuya su balaga a kogi, domin yawan ƙwai na bin girman jiki ne, girman kuma sai a teku ake samunsa.

A kogin da masu dawowa suka yi kaɗan, wannan ɗabi'a na da amfani babba. Idan manyan maza sun yi ƙaranci a wata shekara, ƙwan macen ba zai tafi a banza ba, kuma yawan iyaye maza na rage haɗarin da ke tattare da haihuwa tsakanin dangi na kusa. Amma ƙananan ba za su iya riƙe zuriyar su kaɗai ba: dole sai mace ta je teku ta dawo.

Abin da madatsun ruwa suka yi

Wannan ne ya sa aka daɗe ana jayayya a kan madatsar ruwa ta Poutès, wadda aka gina a saman Allier a 1941 don samar da wutar lantarki. Tsayinta mita 17 ne, ta kuma tara tafki mai tsawon kilomita uku da rabi. Manyan kifaye sun rasa hanyar kaiwa ga mafi kyawun wuraren zuba ƙwai. Ƙananan da ke gangarowa kuwa, da yake gudun ruwa suke bi, idan suka shiga tafkin da ruwansa ke tsaye sai su yi ta kewaye kwana da kwanaki.

Gwamnatin Faransa ta fito da wani shiri na farfaɗo da kogin Loire a 1994. A 1998 aka rushe madatsun ruwa biyu, ta Saint-Étienne-du-Vigan a kan Allier da ta Maisons-Rouges a kan kogin Vienne. A 2001 aka buɗe cibiyar ƙyanƙyasar salmon a ƙauyen Chanteuges, inda ake renon ƴaƴan kifin a sake su cikin kogi. Ita kuma Poutès, bayan shekaru ana sa-in-sa tsakanin kamfanin lantarki na EDF, zaɓaɓɓun yankin da ƙungiyoyin kare muhalli, an rage tsayinta zuwa mita 7, tafkin ya koma kimanin mita 400, aka kuma amince a riƙa buɗe ƙofofinta na kusan wata uku a shekara don kifi ya wuce. An ƙaddamar da sabon ginin a 2022.

Duk da haka salmon bai dawo yadda ake fata ba. Zafin ruwa na ƙaruwa, kuma ƙaramin salmon kan daina cin abinci idan zafin ya haura digiri 22 zuwa 23. A teku ma masu tsira sun ragu. A Disamban 2023, ƙungiyar kare halittu ta duniya IUCN ta sanya salmon na Atlantika cikin jerin waɗanda ke dab da shiga haɗari, bayan ta ƙiyasta cewa yawansa ya ragu da kashi 23 cikin 100 tsakanin 2006 da 2020.

Babu salmon a kogin Isa, amma masuntan Tillaberi da Gaya sun san cewa kifayensu ma na bin cikowar ruwa su shiga fadamu su zuba ƙwai. Yayin da ake aikin madatsar ruwa ta Kandaji, tambayar da Faransa ta yi shekara tamanin kafin ta amsa a Poutès ta cancanci a yi ta tun yanzu: ta ina kifi zai bi ya hau, ta ina ƴaƴansa za su bi su sauko, kuma a wane wata za a buɗe musu ƙofa?