Tsara Darussan Horarwa don Ajin Nesa na Kai Tsaye: Misali daga Horar da Malaman Gona a Ƙasar Zuru

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba yadda ya kamata a tsara darasin horarwa wanda malami zai bayar yana wani gari, ɗalibansa suna wasu garuruwa, amma duka suna jin juna a lokaci guda ta hanyar intanet. Irin wannan zama shi za mu riƙa kira ajin nesa na kai tsaye, domin a bambanta shi da karatun wasiƙa, ko darasin da aka naɗa aka ajiye don mutum ya saurara sa'ad da ya ga dama. An zaɓi ƙasar Zuru don kafa misali, musamman wajen horar da malaman gona. Ra'ayin da za a kare kuwa ɗaya ne, watau mai tsara irin wannan darasi ya fara rubuta abin da ɗalibi zai yi, sa'an nan ya rubuta abin da malami zai faɗa. In aka juya wannan, to, aji ya zama lacca, laccar nesa kuwa ba ta da wuyar gudu, gama ɗalibi na iya ajiye waya a aljihu ya kama wata hidima, malami bai sani ba.

2.0 Halin da Ƙasar Zuru ke Ciki

Masarautar Zuru tana kudu maso gabashin Jihar Kebbi, ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Zuru, da Fakai, da Danko-Wasagu, da Sakaba. Mafi yawan mutanenta manoma ne na dawa da masara da shinkafa da wake. Garin Zuru ya daɗe da Kwalejin Aikin Gona tun zamanin tsohuwar Jihar Sakkwato, kuma a shekarar 2020 aka kafa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a can. Ke nan masana suna kusa. Matsalar ita ce yadda ilminsu zai kai ga malamin gona da ke ƙauye a lokacin da yake bukatarsa.

A da an san hanya. Tsarin horo da ziyara wanda Bankin Duniya ya yaɗa, hukumomin raya noma na jihohi suka bi a shekarun 1980, ya tanadi a tara malaman gona duk mako biyu a koya musu abin da za su kai wa manoma. Wannan tsari yana cin kuɗin mota da na alawus, da tallafin ya ƙare sai ya raunana. Bayan haka ga matsalar tsaro, wadda ta sa tara jama'a da bin wasu hanyoyi suka zama abin shakka. Sace ɗalibai a Birnin Yawuri a 2021, da kuma a Maga ta Danko-Wasagu a 2025, sun isa shaida. Daɗin daɗawa ƙasar tana da harsuna da yawa. Akwai Dakarkari masu harshen C'lela, da Fakkawa, da Dukkawa, da Kambari, da Acifawa, ga Hausa da ta haɗa kasuwa, ga Ingilishi na takardun ofis. Duk darasin da bai lura da waɗannan abubuwa ba, an tsara shi ne don wata ƙasa dabam.

3.0 Abin da Rediyo ya Riga ya Koyar

Koyarwa daga nesa ba baƙon abu ba ne a gare mu. An kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976, ta horar da malaman firamare ta hanyar littattafai da haɗuwa a cibiyoyin karatu. Jami'ar Karatu daga Gida kuma an kafa ta a 1983, aka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita zamanin Shugaba Obasanjo. Amma abin da ya fi kusa da batunmu shi ne rediyo, domin shi ma murya ce da ke zuwa a lokaci ƙayyadadde.

A ƙasar Kanada, daga 1941, manoma sukan taru rukuni-rukuni su saurari shiri, su tattauna, su rubuta ra'ayinsu su aika, a karanta a shiri na gaba. Maƙwabciyarmu Nijar ta kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo a 1962, inda jagora kan tara masu sauraro, a yi muhawara, a naɗi muryoyinsu a mayar gidan rediyo. A ƙasar Nikaraguwa kuma, a tsakiyar shekarun 1970, masana daga Jami'ar Stanford sun tsara darasin lissafi ta rediyo wanda mai magana ke yin tambaya, ya yi shiru, yara su amsa da baki ko su rubuta, sa'an nan ya faɗi amsa. Duk waɗannan sun yi tarayya cikin abu uku: ana sauraro a rukuni, akwai jagora a wurin, kuma an tsara shiru kamar yadda aka tsara magana. Abin mamaki, intanet ya ba mu abin da rediyo bai da shi, watau ɗalibi ya mayar da magana nan take, amma da aka rufe makarantu a 2020 saboda annobar korona aka koma ga Zoom da ire-irensa, sau da yawa sai malami ya rufe muryar kowa, ya yi ta karanta takardarsa har lokaci ya cika.

4.0 Cuɗanya Iri Uku

A 1989 wani masanin ilmin nesa, Michael Moore, ya kasa cuɗanyar da ke cikin karatu gida uku: tsakanin ɗalibi da abin da yake koyo, tsakaninsa da malami, da kuma tsakaninsa da 'yan'uwansa ɗalibai. Wanda ya zauna makarantar zaure ya san na biyu sarai, gama a can almajiri ne ke jan baƙi, malam yana fassara, ba a wuce jimla sai an tabbata ta zauna. Na uku kuwa manomin Zuru ba ya bukatar a bayyana masa, domin golmo na Dakarkari da gayya ta Hausawa duka sun ginu ne a kan cewa aikin taro ya fi na mutum ɗaya auki.

Akwai hujjar bincike a kan wannan. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa sun tattara sakamakon nazarce-nazarce 225 a kan darussan kimiyya da lissafi na jami'a, suka tarar kimanin kashi 34 cikin ɗari na ɗalibai suna faɗuwa inda lacca kawai ake yi, kimanin kashi 22 kuwa inda ake sa ɗalibai aiki a cikin aji. Lalle waɗannan azuzuwa na ido da ido ne. To, in lacca tana da wannan rauni alhali malami yana ganin masu gyangyaɗi, ina ga inda ba ya ganin kowa?

5.0 Matakan Tsara Darasi

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi. A 2016 wata baƙuwar tsutsa, 'yar asalin nahiyar Amurka, ta ɓulla a Nijeriya tana ɓarnata masara. A ce ana so a horar da malaman gona talatin na ƙananan hukumomin nan huɗu a kanta, cikin sa'a ɗaya.

(a) Manufa. A rubuta ta da aikin da za a iya gani. Kada a ce "su fahimci tsutsar". A ce "kowa ya iya bambanta ta da tsutsar da ke huda kara, ya kuma iya ƙirga yawan ɓarna a gona". Manufa biyu sun isa zama ɗaya.

(b) Aikin share fage. Kwana biyu kafin zama a tura wa kowa gajeren saƙon murya ta WhatsApp, a umurce shi ya shiga gonar masara mafi kusa, ya tsaya wuri biyar dabam-dabam, ya duba tushe goma a kowane wuri, ya rubuta nawa suka kamu, ya ɗauko hoto, in da hali ya zo da tsutsar cikin kwalba. Ta haka ɗalibi ya zo aji da abin faɗa, kuma gonar Ribah ko ta Dirin Daji ta zama littafin karatu.

(c) Zama rukuni-rukuni. Maimakon mutum talatin kowa da wayarsa, a yi cibiyoyi shida na mutum biyar-biyar, a wuraren da aka gwada aka ga sabis yana da ƙarfi kuma zuwa ba hatsari. Kuɗin data ya ragu, matsalar caji ta ragu, kuma kowace cibiya tana da jagora wanda aka ba takardar darasin tun da wuri.

(d) Rabon lokaci. Minti biyar na farko gaisuwa ce da kiran cibiyoyi, kowace ta amsa, domin wanda ya yi magana da fari ba ya jin nauyin sakewa. Minti goma kowace cibiya ta faɗi abin da ta ƙirga. Sa'an nan malami ya yi bayani na minti bakwai ko takwas da hoto uku kacal: alamar da ke kan tsutsar mai kama da harafin Y a kife, da ɗigo huɗu baƙaƙe da suka yi murabba'i kusa da wutsiyarta, da kuma kashinta mai kama da garin katako da take bari a tsakiyar masara inda sabon ganye ke fitowa. Daga nan a rufe murya minti goma, kowace cibiya ta duba kwalabenta ta yanke hukunci. A dawo, a ji hukunci, a gyara kuskure. Sai a kawo matsala: ga manomi ya yi feshi da tsakar rana a bisa ganye, tsutsa ba ta mutu ba, me za ku ce masa? A bar su su gano da kansu cewa tana ɓuya ne a tsakiyar masarar, don haka can ya kamata magani ya shiga, da sassafe ko da yamma. Minti biyar na ƙarshe kowa ya faɗi abin da zai yi a makon. In aka lissafa za a ga maganar malami ba ta kai sulusin lokacin ba.

(e) Tambaya da jira. Mary Budd Rowe ta nuna a farkon shekarun 1970 cewa malamai sukan jira kamar sakan ɗaya kawai bayan tambaya, kuma in suka ƙara zuwa sakan uku ko fiye, amsoshi sukan ƙara tsawo, masu amsawa su ƙaru. A ajin nesa sai a ninka wannan, domin murya tana jinkiri a hanya, kuma sai mutum ya buɗe abin magana. Haka nan tambayar "kun gane?" ba ta da amfani, gama ladabi zai sa kowa ya ce ya gane. A riƙa kiran cibiya da sunanta, a ba ta tambaya mai bukatar lamba ko dalili.

(f) Harshe. A gudanar da zama da Hausa, a bar sunayen magunguna yadda suke a jikin kwalba, tun da haka manomi zai gan su a kasuwa. A lokacin aikin rukuni kuwa a bar mutane su yi da harshen da suka ga dama. Ya kamata ma a sa su gwada bayyana alamomin tsutsar da C'lela ko Fakkanci, domin a ƙarshe da wannan harshe za su tsaya gaban manomi.

6.0 Matsaloli da Rigakafinsu

Matsala ta farko yankewar sabis. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka a tsara darasin tun asali yadda murya kaɗai za ta iya ɗaukarsa, a tura hotuna tun jiya, a rufe bidiyo sai inda ya zama dole. Kowane jagora ya san abin da cibiyarsa za ta ci gaba da yi in magana ta yanke, ya turo sakamako ta saƙon murya daga baya. Malami kuma ya sami mataimaki mai lura da wanda ya fita da wanda ya ɗaga hannu, don mutum ɗaya ba ya taura biyu a baki.

Ta biyu kunya da girmamawa. A al'adarmu ƙarami ba ya riga babba magana, balle ya saɓa masa, mata kuma sukan yi shiru a taron maza. A aji na ido da ido malami yana ganin wanda magana ke bakinsa ya jawo shi, a nan kuwa ba ya gani. Maganin wannan shi ne a riƙa juya mai magana da yawun cibiya, a fara da ƙanana kafin manya, a kuma yi wa malaman gona mata cibiyarsu inda aka ga hakan ya fi.

Ta uku lokaci. Da damina malamin gona shi ma manomi ne. A guji safiya, da ranar kasuwar garin, da lokutan ibada na Juma'a da Lahadi. Darasi kuma ya bi kalandar gona, a koyar da batun tsutsa sa'ad da masara ke ƙarama, batun ajiya sa'ad da kaka ta gabato.

Ta huɗu awon nasara. Yawan sunayen da suka bayyana a fuskar kwamfuta ba shaida ba ce. Shaida ita ce bayan mako biyu kowa ya kawo ƙidayar wata gona, da sunan ƙauyen da ya koyar da manomansa. Ya kamata kuma a yarda cewa akwai abin da sai hannu da hannu, kamar saita injin feshi da auna magani. Irin waɗannan a ware musu haɗuwa a gonar gwaji ko da sau biyu ne a shekara.

7.0 Kammalawa

An nuna a wannan takarda cewa ƙasar Zuru tana da bukatar ajin nesa saboda nisa da tsada da halin tsaro, kuma tana da masanan da za su ciyar da shi. An kuma nuna cewa dabarun da ke raya irin wannan aji, watau rukuni da jagora da shiru mai manufa, an gwada su tun zamanin rediyo. Shawarar da za a bai wa jami'o'i da hukumomin noma ita ce, kafin a kashe kuɗi a kan na'urori, a fara horar da masu koyarwa da jagororin cibiyoyi yadda ake rubuta darasi mai shafi biyu, ɗaya na aikin ɗalibi, ɗaya na maganar malami. Shawara ga 'yan'uwa malaman harshe kuma ita ce a haɗa kai da masana noma a tattara sunayen ƙwari da cututtukan shuka a Hausa da C'lela da sauran harsunan yankin, domin malamin gona ya sami kalmar da zai riƙa in ya bar aji ya shiga gona.