Tsohuwar Murya da Sabon Gyara: Me Ya Rage Idan Aka "Wanke" Waƙar Shata?

Duk wanda ya ratsa unguwar Ɗan Iya a cikin garin Bauchi da hantsi, ko ya leƙa kasuwar Wunti, da wuya ya wuce bai ji muryar wani mawaƙin da ya daɗe da kwanta dama ba. A shagon tela Mamman Shata ne, a teburin mai shayi Musa Ɗanƙwairo, a cikin Keke Napep kuwa Ɗanmaraya Jos. Sai dai yanzu ba daga faifan garmaho ko kaset muryoyin ke fitowa ba. Daga mamori ne, wanda aka kai wa mai turi ya cika shi. Masu turin kuma sun san abin da ke jan ciniki, sai ka ji an ce wannan wankakkiya ce, an gyara ta, ba ta da shuu. A YouTube ma haka ake tallata su.

Tambayar da ta kamata mu yi ita ce, me aka wanke, me kuma ya bi ruwan wankin? Ni dai a ganina yawancin abin da ake kira gyaran sauti a wurinmu ƙarin ƙara ne kawai, kuma garin neman gira muna rasa ido.

Yadda Turawa suka gyara nasu

Wannan muhawara ta daɗe a tsakanin masu sauraron kiɗan rok na shekarun 1960 da 1970. Da faifan CD ya fito a 1982, kamfanoni sun yi rige-rigen mayar da tsofaffin waƙoƙi a kansa, sau da yawa daga kwafin kwafi maimakon uwar tef ɗin da aka fara ɗauka a sitidiyo. Masu kunne suka yi ta ƙorafi. Shi ya sa Jimmy Page, mai kaɗa jita na ƙungiyar Led Zeppelin, ya zauna da kansa ya sa ido a kan gyaran waƙoƙinsu a 1990, ya kuma sake wani aikin a 2014 da 2015.

Misalin da ya fi dacewa mu yi nazari shi ne na ƙungiyar Beatles. An fitar da gyararrun waƙoƙinsu ranar 9 ga Satumba, 2009, bayan injiniyoyin sitidiyon Abbey Road da ke Landan sun shafe shekara huɗu suna aiki. Sun koma kan tef na asali. Sun yarda su cire aibin da na'ura ta jawo, irin su ƙarar wutar lantarki da mummunan haɗin tef, amma suka ƙi taɓa abin da ya fito daga jikin mawaƙan, kamar numfashi ko ƙarar takun mai ganga. Na'urar rage shuu kuwa, cikin minti 525 na waƙoƙin, ƙasa da minti 5 kawai suka bari ta taɓa. Wato gwanintar tasu ta fi bayyana a abin da suka ƙi yi.

A ɗaya gefen akwai abin da aka laƙaba wa yaƙin ƙara. Tun daga shekarun 1990 kamfanoni suka shiga matse sauti, a ɗaga wurin da ya yi ƙasa, a danne wurin da ya yi sama, don waƙa ta fi ta abokin gasa amo a rediyo. Da faifan Death Magnetic na ƙungiyar Metallica ya fito a 2008, dubban masoyansu sun sa hannu a takardar neman a sake gyara shi, saboda matsin ya kai har kiɗan yana fashewa a lasifika. Yau manhajoji irin su Spotify da YouTube suna rage ƙarar waƙar da ta yi yawa da kansu, don haka wanda ya matse waƙarsa bai ci ribar komai ba, illa ya kashe mata rai.

Abin da ke faruwa da namu

Mu tamu matsalar ta fara ne tun kafin a zo ga gyara. Ɗauki waƙa guda ta Narambaɗa, ko da Bakandamiya ce, ka bi sawunta. An ɗauke ta a kan tef ko faifai. Gidan rediyo ya sa ta, wani ya kara rikodarsa ya naɗa a kaset. Daga wannan kaset aka buga wani, daga shi aka buga na uku, a na'urar da ke gudu da sauri don a samu na sayarwa. Tef na sitidiyo yana tafiyar santimita 19 ko 38 a daƙiƙa, kaset kuwa 4.76 kacal, saboda haka tun a matakin farko an yi asarar siraran sautuka. Kowane kwafi yana ƙara shuu, yana rage haske. Daga baya wani ya jona rikoda da kwamfuta ya mayar da waƙar MP3. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 a daƙiƙa. MP3 da aka saba yi 128 ne, kusan kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya. Da yake kowa na tattalin data da wurin ajiya, ana sake matse ta ƙasa da haka kafin ta yi ta yawo daga waya zuwa waya.

A kan wannan gajiyayyen kwafin ne mai gyara ke ɗora hannu. Ya buɗe manhaja, ya danna rage shuu har ƙarshe, ya cika bes, ya ƙara amsa-kuwwa, ya ɗaga ƙara. Da jin farko sai mutum ya ce ta yi kyau, domin kunne yakan ɗauki abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi.

Amma a saurara da kyau. A tsohon kaset na Shata, duk da shuu ɗin, kana jin saukar makaɗi a kan fatar kalangu, kana jin yadda mai kiɗa ke matse igiyoyin a hammata sautin ya hau, ya saki ya sauka, yana bin karin harshen waƙar. Kana jin ɗan jinkirin da 'yan amshi ke yi kafin su karɓa, da muryar sanƙira daga gefe yana zuba kirari. A wankakkiyar, muryar ta dushe tana rawa, harafin "s" da "sh" da "ts" sun narke, kalangu ya koma dum-dum marar magana. Dalili kuwa shi ne shuu ɗin kaset da waɗannan siraran sautuka unguwarsu ɗaya, na'ura ba ta iya korar ɗaya ta bar ɗaya sarai. Kamar tsohuwar riga ce mai aska takwas da aka jiƙa a bilic: dauɗa ta fita, aikin zaren ma ya koɗe.

Kuntigin Ɗanmaraya ya fi shan wahala. Ɗan ƙaramin abu ne mai tsirkiya ɗaya, daɗinsa duk a siririn amonsa yake. In aka cika masa bes, an ba shi jikin da ba nasa ba. Haka kotson Ɗanƙwairo, wanda da yatsu ake kaɗa shi, da ƙwaryar Barmani Choge. Akwai kuma matsalar gudu. Rikodar da batirinta ya yi sanyi, ko bel ɗinta ya saki, tana sauya kaurin murya. Akwai kwafin da ke yawo wanda muryar dattijo ta siranta, kiɗan yana gaggawa, matasa kuma suna ɗauka haka mawaƙin yake.

Ga kuma ƙirƙirarriyar basira ta shigo. Tana da amfani, domin da irinta aka raba muryar John Lennon na Beatles da amon fiyano daga wani tsohon kaset, har aka fitar da waƙar Beatles ta ƙarshe a Nuwamban 2023. Sai dai wannan na'ura tana cike gurbin abin da ba ta ji ba da abin da ta saba ji. Wadda ba a horar da ita da kalangu da taushi da kukuma ba, tana iya ɗaukarsu hayaniya ta share, ko ta sauya wa mawaƙi lafazi.

Asali shi ne jari

Babu gwanin da zai dawo da sautin da ya riga ya fita daga kwafi. Saboda haka aikin farko shi ne neman orijina, kuma lokaci ba ya jira. Tef yana shan laima ya yi danƙo, musamman wasu nau'o'in da aka yi a shekarun 1970 da 1980, har sai an gasa su a hankali a zafin da ya ɗan haura digiri 50 kafin a iya kunna su. Zafi da ƙurar hunturu da gara duk abokan gaba ne. Ko masu kuɗi ba su tsira ba: gobarar da ta tashi a ma'ajiyar kamfanin Universal a Amurka ranar 1 ga Yuni, 2008 ta cinye ɗimbin tef na asali, kuma sai a 2019 jaridar New York Times ta fallasa girman ɓarnar.

Akwai waɗanda suka nuna ana iyawa. A ƙasar Gini, wani mai bincike, Graeme Counsel, da tallafin Laburaren Birtaniya, ya kwashe waƙoƙi sama da 9,000 daga ma'ajiyar gidan rediyon ƙasar tsakanin 2008 da 2013. A birnin Hargeisa da ke yankin Somaliland, ma'aikatan rediyo sun ɓoye tef ɗinsu a 1988 don gudun ruwan bama-bamai, daga cikinsu aka samu wasu waƙoƙin wani faifai da ya fito a 2017 har ya shiga takarar Grammy. A maƙwabciyarmu Nijar, kaset ɗin da Mamman Sani ya ɗauka a 1978 ya sake fitowa a 2013 ta hannun kamfanin Sahel Sounds, duniya ta san shi. Kiɗan rok na kudancin Najeriya, na su Ofege da BLO da Funkees, kamfanonin waje irin su Soundway ne suka tono shi suka gyara.

Namu fa? Rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, ya ɗauki manyan makaɗan Arewa a lokacin da suke ganiyarsu. Gidan Rediyon Bauchi da takwarorinsa na jihohi sun yi shekaru suna ɗaukar makaɗan fada da na noma da na biki, waɗanda ba su taɓa shiga sitidiyon kamfani ba. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun rubuce baitoci da tarihin makaɗa, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun rubuta tarihin Shata. An yi wa kalmomin hidima. Sautin ne har yanzu yake jiran nasa masu hidimar. Mu a Bauchi ya kamata mu fi kowa jin wannan, domin garinmu ne ke riƙe da kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, mutumin da duniya ta yaba wa zaƙin murya, kuma da tef ne jikokinmu za su san dalilin yabon.

Hanyar aikin sananniya ce. A nemo kwafin da ya fi kusa da asali. A gyara na'urar kunnawa, a daidaita gudunta. A kwashe sautin yadda yake, da shuu ɗinsa da komai, a tsarin da ba ya matsewa, kamar yadda ƙungiyar masu adana sauti ta duniya ta ba da shawarar bit 24. A ajiye wannan a wuri fiye da ɗaya, kada a taɓa shi. Daga kwafinsa ne za a yi gyara da sassauƙan hannu, kuma a zaunar da tsohon makaɗi ko ɗan amshi kusa da injiniya, don shi ya san yadda kalangu ke magana. A rubuta sunan mawaƙi da 'yan amshinsa da wuri da shekara in an sani, a kuma nemi iznin iyalansa, a ba su haƙƙinsu.

Kira nake ga gwamnatin jihar Bauchi da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan garin, su haɗa kai da gidajen rediyo a fara wannan aiki tun masu sanin tef ɗin suna raye. Kai kuma mai karatu, in akwai akwatin kaset ko faifan garmaho da mahaifinka ya bari, kada ka zubar don ka ga waƙoƙin suna cikin waya. Ka ɗauke shi daga rana da laima, ka adana. Mai yiwuwa kwafin da ke hannunka ya fi duk wanda ke intanet kyau.