Kunamar Tsohuwar Bindigar Soja: Abin Da Ya Sa Take Da Tauri

Duk wanda ya taɓa harba ƙaramar bindigar nan ta soja mai suna Browning Hi-Power, abu na farko da yakan yi kuka da shi shi ne taurin kunamarta. A ƙasashen Turai da Amurka, inda masu sha'awar tara tsofaffin makamai suka yi yawa, an daɗe ana gardama a kan ko ya kyautu a sassauta ta, ko a bar ta yadda maƙeranta suka yi ta.

John Browning, mutumin Amurka, shi ya fara zayyana ta. Da ya rasu a 1926, Dieudonné Saive na kamfanin FN da ke Herstal a Beljiyam ya ƙarasa aikin, aka fito da ita a 1935 tana ɗaukar harsashi 13. A Yaƙin Duniya na Biyu ɓangarorin biyu duka sun riƙe ta: Jamusawa sun ci gaba da ƙera ta bayan sun mamaye Beljiyam a 1940, kamfanin Inglis na Kanada kuma ya ƙera wa sojojin ƙawance. Sojan Ingila sun yi aiki da ita har 2013, sa'ad da suka musanya ta da Glock 17.

Taurin nan kuwa ba kuskure ba ne. Akwai wani ɗan ƙarfe a cikinta wanda ke hana ta tashi in an zare gidan harsashi, don kada soja ya harbi kansa ko ɗan'uwansa yana zaton babu kome a ciki. Gogar da ƙarfen nan ke yi a jikin gidan harsashi ita ke ƙara wa kunamar nauyi. Banda wannan, soja yakan zaro bindigarsa cikin firgita, da gumi ko da sanyi, kunama mai laushi kuwa ba ta jiran shawara.

Masu son a sassauta suna da tasu hujja. Sun ce kunama mai tauri takan ja bakin bindiga gefe, mutum ya kuskure abin da ya auna. Amma ko a gasar Olamfik an yi iyaka: kunamar ƙaramar bindigar iska ta mita 10 ba ta kasa giram 500.

Masanan makamai sun ce hatsarin yana wurin da ƙarfe ke riƙe gudumar da ke bugun harsashi. In aka goge wurin fiye da kima, guduma na iya kuɓucewa, bindiga ta tashi da ta faɗi ƙasa. In kuma aka rage ƙarfin sifirin, sai ta riƙa ƙin tashi, don harsashin soja yana bukatar bugu mai ƙarfi. Ƙarfen da aka goge ba ya dawowa, darajar bindigar a wurin masu tara kayan tarihi ita ma ta tafi ke nan. Shi ya sa ba a ba kowa aikin sai ƙwararren maƙerin bindiga.

A Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sa ƙananan bindigogi cikin haramtattun makamai. Saboda haka wanda ya tarar da irinta cikin kayan gadon wani tsohon soja, kada ya yi ƙoƙarin gyara ta ko gwada ta. Ya sanar da 'yan sanda mafi kusa, su zo su ɗauka.