Abin da Masu Sayen Dokin Tsallaken Shinge Ke Dubawa

A garin Verden na ƙasar Jamus ana gwanjon dawakin tsallaken shinge, masu saye kuma kan zo daga ƙasashe daban-daban. Kyan gashi ba ya ruɗarsu. Idonsu na kan ƙarfin ƙafafun baya, waɗanda doki ke tunkuɗa jikinsa sama da su, da yadda yake naɗe na gaba don kada ya taɓa sanda.

Kafin a ƙulla ciniki, likitan dabbobi kan ɗauki hoton ƙasusuwan ƙafa, ya saurari numfashi bayan sukuwa.

Ana duba shekaru ma. A gasar Olamfik, inda shinge ke wuce mita ɗaya da rabi, sai dokin da ya kai shekara 9 ke shiga, don haka mai sayen ɗan shekara 4 yana da doguwar horarwa a gabansa.