RAMIN FASA DUTSE YA ZAMA KURMI

Ƙasar Rano da Kibiya, har zuwa Fammar, ƙasar duwatsu ce. Inda aka fasa dutse ko aka ɗebi marmara domin aikin hanya, in ma'aikata sun tashi sai su bar rami. Da damina ya cika da ruwa, sauro ya samu gida, yara su shiga wanka, wani lokaci har a yi hasarar rai. Da rani kuwa ko akuya ba ta samun abin tsinka. Galibi akan ce wurin ya mutu ke nan.

A Bamburi, kusa da Mombasa ta ƙasar Kenya, kamfanin siminti ya yi shekaru yana haƙar dutse, ya bar fili fayau. Cikin 1971 wani malamin gona mutumin Suwizalan, René Haller, ya gwada tsiro iri 26 a wurin. Uku kaɗai suka rayu. Ɗayansu wani itace ne, kasurina, mai ganye kamar allura. Amma ganyen in ya zuba ba ya ruɓewa da wuri. Sai Haller ya lura ƙadandoniya mai jan ƙafa tana cinsa. Ya sa aka tara masa su, aka zuba a gindin itatuwa. Suka yi ta ci, kashinsu ya zama taki, a hankali baƙar ƙasa ta rufe dutsen. Watau abin da yara ke takewa shi ya yi rabin aikin. Sa'an nan aka haƙa tafkunan kifi, aka kawo dorina da kada da raƙumin dawa. Ba a buɗe wa 'yan kallo ba sai 1984. Yau ana kiran wurin Haller Park.

Lalle dutsen Fammar ya fi na Bamburi tauri, ruwan sama kuma bai kai nasu ba. Amma akwai bagaruwa da gawo da darbejiya masu jure fari. Akwai kuma gara. Manoman Tahoua a Nijar sukan haƙa ƙananan ramuka a faƙo su zuba taki, gara ta zo ta huda ƙasar, ruwa ya samu hanyar shiga.

Wahalar ita ce dabbobin gida. Dashen da ba a kewaye da ƙaya ba, akuya za ta gama da shi kafin kaka. Kafin a kai ko tsiro ɗaya ramin, sai dagaci ya tara masu kiwo a shirya wanda zai tsare shingen, da inda shanu za su sha ruwa da rani.