Bayit takwas masu gadin faifai

Faifan kwamfuta idan ya mutu gaba ɗaya, lamarinsa da sauƙi: an ga gawa, sai a ɗauko kwafin da aka ajiye a ci gaba da aiki. Wanda ke hana masu kula da manyan rumbunan bayanai barci shi ne faifan da zai ce "na rubuta", alhali abin da ya rubuta ya gurɓata a hanya, ko ya sauke shi a gurbin da ba nasa ba. Ba ƙara, ba gargaɗi. Wani bincike da aka wallafa a 2008 ya bi diddigin faifai miliyan 1.53 a na'urorin kamfanin NetApp tsawon wata 41, ya ƙirga irin wannan ɓarna fiye da sau 400,000.

Kwamitin T10, mai tsara ƙa'idojin SCSI (tsarin da kwamfuta ke magana da faifai ta hanyarsa), ya kawo magani mai suna DIF. Kowane gurbi na faifai bayit 512 yake ɗauka, sai aka ƙara masa 8, ya zama 520. Biyun farko lissafin CRC ne na abin da ke cikin gurbin. Ko ɗigo ɗaya ya canza, lissafin ba zai yi daidai ba. Biyu na gaba an bar wa manhaja. Huɗun ƙarshe, waɗanda a ganina su ne gwanintar, suna riƙe da lambar gurbin da aka nufa. Kamar buhun hatsi ne da aka rubuta wa sunan mai shi: ko hatsin lafiyarsa ƙalau, in an sauke shi a ƙofar wani, rubutun zai tona asiri.

Zuciyar Linux ta karɓi wannan tsari a siga ta 2.6.27, cikin Oktoban 2008, ta hannun Martin Petersen na kamfanin Oracle. Shi da abokan aikinsa na kamfanin Emulex sun ga cewa gadi daga katin sarrafa faifai zuwa faifai kaɗai bai isa ba, don haka suka fito da DIX, wanda ke liƙa bayit takwas ɗin tun bayanai suna cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta.

Inda gizo ke saƙar shi ne girman umarni. Duk abin da kwamfuta za ta gaya wa faifan SCSI, a ɗan ƙunshin umarni take aikawa, galibi mai bayit 6, 10, 12 ko 16. Na bayit 10 ba ya iya nuna gurbin da ya wuce kusan terabayit biyu, shi ya sa aka koma na 16 da faifai suka girma. To amma DIF nau'i-nau'i ne, kuma nau'i na biyu yana so mai aika umarni ya faɗi da bakinsa lambar da yake sa ran gani a gurbin farko, kuma babu wurin sa ta a bayit 16. Dole sai umarni mai bayit 32, wanda ke farawa da lambar 0x7F. Linux kuwa ta daɗe da yanka wa umarni ɗaki mai bayit 16 cif. Da farko sai direban faifai ya riƙa aro wuri daga wata 'yar ma'ajiya ta daban duk lokacin da babban umarni ya taso, irin shimfiɗar baƙo a zaure. Sai bayan shekaru aka faɗaɗa ɗakin kansa zuwa 32. NVMe, wani tsarin magana da faifai da ya zo daga baya, bai sha wannan wahala ba, umarninsa bayit 64 ne tun farko.

Sai dai kada mai kwamfutar tafi-da-gidanka ya ɗauka yana cikin wannan inuwa. Faifan SATA na gama-gari ba shi da bayit takwas ɗin. Ko a manyan na'urori ma, sai faifan da katin sarrafa shi duk sun iya, kuma an tsara faifan da kariyar tun kafin a zuba masa komai. Mai shirin saya wa banki ko asibiti rumbun bayanai ya tambayi dillali wannan kafin ya biya kuɗi.