Rabin Inci Da Ya Ci Shadda Yadi Biyar

Yau teburin tela za mu leƙa, kuma da kaina zan fara.

Lokacin ina koyon ɗinki a Funtua, da kaka, wani manomi daga wajen Bakori ya sayar da masararsa ya yanko shadda yadi biyar ta bikin ƙanensa. Oga ya ce in fitar da layin gefe. Na ninke ta huɗu, na ɗora rula, na ja alli, na bi da almakashi. Ashe ƙarshen rular ya goce ciki da rabin inci ban lura ba. To ku lissafa: rabin inci a ninki huɗu, inci 2 ke nan suka fita daga faɗin riga. Mutumin ya sa, ta ɗame shi a ciki. Oga ne ya biya, ni kuwa ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Me ya sa rula ke zamewa? Shadda tana da sheƙi, rula tana da santsi, tebur ma haka. Ga alli yana tura ta ta gefe. Inda tafin hannunka yake nan ne kawai ta tsaya, can nesa kuwa juyawa take kamar hannun agogo.

Ga abin da na koya daga baya.

Na farko, a yi guga tukuna. Yadin da ya yamutse ba ya kwanciya, rula tana hawa kan tudu ne.

Na biyu, shimfiɗa bargo ko yadi mai kauri a kan teburin, ka ja shi ya miƙe.

Na uku, ba wa rular abin kamawa. Sayi filasta a kemis, ka manna guntaye a bayanta: ƙarshe biyu da tsakiya. Samfefa mai laushi ta kafinta ma tana yi a kan atamfa, amma kar ka kusantar da ita ga leshi, za ta ja zare.

Na huɗu, hannu. Tashi tsaye, ka buɗe yatsu, ka danna ƙasa, ba gefe ba. Ɗan ƙaramin yatsa ya sauka kan yadin, ya tokare bakin rular. In alli ya wuce saitin hannunka, tsaya, matsar da hannun gaba, sannan ka ci gaba. Can ƙarshen, ɗora dutsen guga mai sanyi.

Masu haɗa ƙyallaye su ɗinka bargo a Amurka ma da wannan suke fama. Suna yanka da wuƙa mai zagaye kamar taya, wadda kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979. A wajensu in rula ta goce, yatsa ne a hanya. Haka yake ga mai bin rula da reza a nan, don haka yanka ya riƙa yin gaba, ba wajen jikinka ba.

Ƙannena masu koyo a Funtua da Malumfashi, na san yadda shago ke cika gab da Sallah. Amma sauri ya haifi nawa. Kafin almakashi ya taɓa kayan mutane, sa tef ka sake auna sama, tsakiya da ƙasa. Alli yana gogewa, yanka ba ya komawa.

Ku faɗa mana dabarar da ogoginku suka koya muku. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.